Kun Tambaya, Mun Amsa: Nauyin Buhu Ɗaya da Matsakaicin Buhu 16

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi. An ba mu wannan aiki: injin cika buhun shinkafa yana zuba kilo 50 a matsakaici, sigma kilo 0.8 ce, nauyin kuma yana bin siffar ƙararrawa (yawancin buhuna kusa da kilo 50, kaɗan ne ke nisa ta sama ko ta ƙasa). Mene ne yiwuwar buhu ɗaya ya gaza kilo 49.2, da yiwuwar matsakaicin buhu 16 ya gaza kilo 49.6? Na raba da 0.8 a duka biyun, aka ce na biyun ba daidai ba ne. Ina matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Na farko ka dace. Ka cire 50 daga 49.2, ka raba da 0.8, z ta zama −1 (z ita ce yawan sigma da nauyi ya yi nisa da matsakaici). Teburin z, mai juya z zuwa yiwuwa, ya ba da 0.1587, wato kusan buhu 16 cikin 100.

Na biyun ne ke son natsuwa. Sigma tana auna yadda buhu ɗaiɗai ke kauce wa kilo 50. Amma idan aka ɗora buhu 16 a sikeli aka fitar da matsakaicinsu, mai nauyi yana cike giɓin mara nauyi, don haka matsakaici ba ya yin nisa kamar buhu guda. Kaucewarsa ita ce sigma a raba da √n, inda n ke nufin yawan buhunan. A nan √16 huɗu ce, 0.8 a raba da 4 ya ba da 0.2. To 49.6 ban da 50, −0.4 ke nan. A raba da 0.2, z ta zama −2, teburi ya ce 0.0228. Kai da ka raba da 0.8 ka sami −0.5 da 0.3085, amsar da ta ninka ta gaskiya fiye da sau goma sha uku.

Wannan ba lissafin jarabawa kaɗai ba ne. Ɗan kasuwa a Jega da ya ga buhu ɗaya ya yi kilo 49.2 bai da hujjar zargin kowa. In kuwa matsakaicin buhu 16 ne ya sauka zuwa kilo 49.2, −0.8 a raba da 0.2, z ta kai −4, abin da ke faruwa kusan sau 3 cikin 100,000. In haka ta faru, a duba injin ko sikelin.

Ka lura, teburin da aka fi amfani da shi yana ba da ɓangaren hagu ne, wato yiwuwar "ya gaza". In an ce "ya wuce", ka cire amsar daga 1. Sannan dole a zaɓi buhunan ba tare da son rai ba. Kwasar na saman mota kawai, ko waɗanda suka sha raɓa, yana rushe lissafin gaba ɗaya, kuma ƙara yawansu ba ya gyara shi. In nauyin bai bi siffar ƙararrawa ba, an saba neman matsakaicin buhu 30 ko fiye kafin a dogara da teburin. Mai son rage kaucewar zuwa 0.1 kuwa, buhu 64 zai auna, ba 32 ba.