Ledar kujerun 'yata ta fara ɓarewa, mai yadi ya ce an riga an yanka

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni shawara, raina a ɓace yake. Na sa an yi wa 'yata saitin kujeru na kayan ɗaki, wata biyu kacal da tarewa ledar ta fara ɓarewa a hannun kujera da wajen jingina, in mutum ya zauna sai ya tashi da ɓurɓushi a riga. Mai ɗinkin ya ce shi ɗinki kawai ya yi, mai yadin kuma ya ce an riga an yanka ba a dawowa da shi, wai mu shafa mata basilin. Yanzu ko waya ba ya ɗagawa, ga dangin miji suna ta magana. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Laifin ba na 'yarki ba ne. Ledar da ake kira PU roba ce siririya da aka shimfiɗa a kan yadi, zafi da danshi suna cinta a hankali ko ba a zauna a kanta ba, kuma shekarunta daga ranar da ta fito kamfani ake ƙirgawa ba daga ranar da kika saya ba. Bandir ɗin da ya sha damina biyu uku a sito zai yi ta ƙyalli a ido amma ya riga ya mutu. Sabuwar leda ba ta ɓarewa a wata biyu. Kada ku shafa basilin, ba ya mayar da robar da ta ruɓe, kuma kuna shafawa za a ce ku kuka lalata ta. Masu cewa a goge da kalanzir ko fetur kuwa ki rabu da su, soso ne a ƙarƙashi, wuta kaɗan yake jira.

Maganar "an riga an yanka" ɗin nan ita ce take ci min rai, kullum sai na ji ta a bakin masu shago har masu saye ma sun yarda haka doka take. In kika zaɓi launi aka yanka miki yadi goma, kika je gida kika ga bai dace da labule ba, to nan mai shago yana da gaskiya, ba zai karɓi yankakke don kin canza ra'ayi ba. Amma aibin da yake ɓoye a jikin kaya daban ne. Ta yaya za a gane leda ruɓaɓɓiya ce in ba an yanka an ɗinka an zauna a kai ba? Kenan sharaɗin gano aibin shi ne kuma ake hana ki haƙƙinki da shi, wannan ai zalunci ne. Kuma wallahi su kansu in bandir ya zo musu da matsala komawa suke wajen dila su nemi canji ko ragi, ba sa cewa an yanka, sai talaka ya zo ne ake karanta masa wannan. A fiƙihu akwai babi guda na hiyarul aibi, mai saye yana da zaɓin mayar da kayan da aka samu tsohon aibi a jikinsa ko a biya shi bambancin kuɗi, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu. A dokar Najeriya ma ta kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, kina da damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓa, a gyara ko a canza ko a dawo da kuɗi, kuma rubutun nan na ƙasan rasit wai kayan da aka saya ba a mayarwa ba ya soke wannan. Shi ya sa nake cewa ki hanzarta, daina ɗaga wayar nan cin lokaci ne.

Wa za ki riƙe? Wanda kika ba kuɗi. In mai ɗinki ne ya sayo yadin a cikin jinga, shi ne naki, shi ya je ya ƙarata da mai shago.

Ki ɗauki hotuna da bidiyo yau, ki nemi ragowar ƙyallen in akwai, ki ajiye rasit ko alat na tiransifa, ki rubuta masa saƙo a WhatsApp da kwanan wata don ya zama shaida. In ya yi shiru a kai wa shugabannin ƙungiyar kasuwar, galibi sun fi ofis saurin kashe magana don ɗan kasuwa ba ya son a kira shi gaban 'yan uwansa. In abin ya faskara sai FCCPC ko hukumar kare masu saye ta jiha, sai dai ki shirya zarya. Kuma kada ki yarda da faci a hannun kujera kawai, sauran ma daga bandir ɗaya suke za su biyo baya. A sake yadin saitin gaba ɗaya, har da kuɗin ɗinki a wuyansu.