Abin da ke cikin tukunyarmu a Zangon Kumasi

'Yar'uwa, tambayarki ta iso ni, kuma sai da na kwana da ita kafin na zauna amsawa. Kin ce an gaya miki mu Hausawan Gana mun bar tuwo mun koma sakwara da manja, shi ya sa ƙiba da hawan jini suka yi mana katutu. Kika ɗora da cewa ai dole, tunda mazanmu Tonawa suke aurowa, mace kuwa abin da ta tashi da shi za ta dafa. Ban riƙe ki a zuci ba, don ba a bakinki na fara jin haka ba. Sai dai ki sani, mai rubuta miki wannan amsa uwarta Batoniya ce, wato 'yar Asante, ta musulunta kafin ta auri babana.

Da za ki fito titin Aboabo bayan sallar asuba, layin da za ki fara gani na mai koko ne, kuma rabin masu tsayuwa a layin ba 'yan Zango ba ne. Ma'aikatan banki, direbobi, 'yan makaranta, kowa da kofinsa. Daga Ankara, babban birnin Gana, har Tamale sunansa ɗaya, Hausa koko: gero da citta da kanumfari da ɗan barkono, ga ƙosai a gefe. Abincin da duk Gana ke alfahari da shi, wanda suke rubutawa waakye, shinkafa da wake ne, daga bakinmu suka ɗauki sunan. Haka tuwon zafi da miyar ayoyo, haka fura. Ƙasar nan da abincinmu take karya kumallo, to ta ina muka bar shi?

Kakata ta wajen uba ita ta koya mini dafa wake. Takan jiƙa shi tun dare, da safe ta jefa karan dafi a tukunya har ruwan ya yi jawur, ta sa kanwa 'yar ƙanƙanuwa, sannan shinkafa ta biyo baya. A hannunta wake ne ke rinjayar shinkafa, kuma mutum in ya ci da hantsi ba ya neman komai sai la'asar. Yau masu sayarwa sun juya lissafin. Shinkafa ta yi yawa, a zuba taliya, a barbaɗa gari, a kwarara mai, a ɗora soyayyen nama. A gidana na koma awon kakata, sai dafaffen ƙwai ɗaya da kabeji da tumatir a kai.

Maganar uwata kuwa, a nan nake so ki saurare ni da kyau. Lokacin da aka kawo ta gidan, dangin babana ba su so ba. Kakata ta yi wata da watanni ba ta taɓa girkinta. Abin da Mama ta zo da shi ganyen gwaza ne, kontomire suke ce masa. Takan tafasa shi sama-sama, ta zuba a kaskon niƙa da suke kira asanka, ta haɗa da albasa da barkono da gauta da busasshen kifi, ta niƙe da ɗan muciyar katako har ya yi laushi, sannan ta ɗiga manja cokali guda ko biyu. Ba suya, ba tafasa mai. A ci da dafaffiyar agada ɗanya ko doya. Har yau ina jin ƙarar wannan niƙa a kunnena, da ƙamshin albasar da ke tashi. Shekaru bayan haka, da ciwon suga ya kama babana aka ce ya rage tuwo ya ƙara ganye, wannan miyar ce ta riƙe shi. Kakata kuwa kafin rasuwarta, Allah ya jiƙanta, da bakinta take aikawa a ce wa surukarta ta yi mata ta ganye.

Ba na ce duk abin da muka karɓa wajen masu masaukinmu alheri ne ba. Suna da kifin gishiri, koobi da momoni, masu sa miya daɗi, amma gishirinsu ya wuce misali. Mu kuma muka haɗa da namu halin na jefa dunƙule uku huɗu a tukunya ɗaya. Ni kaina sai da na kai shekara arba'in da biyar aka auna ni aka ce jinina ya hau, alhali ba na jin komai sai ɗan ciwon kai. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauko ƙaramin cokalin shayi ta nuna mini, ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, kusan cikin wannan cokalin ke nan, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi. Tun daga ranar nake jiƙa kifin gishiri in zubar da ruwan kafin ya shiga miya. Na dawo da daddawa, na rage dunƙule zuwa ɗaya. Makon farko yara sun yi ƙorafi, daga baya harshensu ya saba. Maganina kuma ban bari ba.

Suga ne ya fi damuna, kuma na san ku ma a Kano ba ku tsira ba. Mai koko in ba ka tare hannunta ba, babban cokali biyu za ta zuba, ta bi da madarar gwangwani. Burkina, gero da nono da 'yan mata ke sayarwa a gora, zaƙinta kamar alewa. Suna ko biki, ba a ganin ka karrama baƙo sai an jera lemon kwalba. A 2023 gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abubuwan sha masu zaƙi, amma a bukukuwanmu ban ga an rage ba. Ranar sunan jikana zoɓo na dafa da citta da abarba, suga kaɗan, na ajiye ruwan sanyi. Wasu sun yi gunaguni wai rowa ce. Abin ya yi mini ciwo, amma ban canja ba.

Kakan babana da ƙafa ya zo daga Kano zuwa Salaga, a arewacin Gana, fataucin goro, tafiyar watanni, guzurinsa garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi. Yaƙin Salaga na 1892 ne ya tarwatsa su, har zuriyarsa ta ƙare a Kumasi. Jikokinsa yanzu ko masallacin Juma'a za su, sai sun tare pragya, abin da kuke kira adaidaita sahu. Ni dai na ɗaura wa kaina zuwa kasuwar Kejetia da ƙafa sau uku a mako, in dawo a mota saboda kaya. Tuwon dare kuma kafin isha'i muke cinye shi, ba a kai shi bakin barci.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarki, ko har yanzu mu Hausawa ne. Gaskiya ne Hausarmu ta sha bamban da taku, za ki ji yaro ya ce mace ya zo, ki ji Turanci da Tonanci sun shiga zance. Amma da ita ake tafsiri a Zango, da ita ake ɗaura aure, da ita Mama take yi wa jikokinta faɗa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne baƙo ya zo daga gida, ya ci tuwonmu ya ƙoshi, ya koma ya ce ai waɗancan sun ɓace.

Ki je a auna jininki, ko da kina jin garau, ki kuma kai Inna a auna ta. In Allah ya kawo ki Kumasi, ki taho mini da kuka da daddawar Kano. Mama tana nan da ranta, ta haura saba'in, kuma har yau ba ta yarda wani ya niƙa mata ganye. Ita da kanta za ta yi miki.