Ɗige-ɗigen Bayan Ganyen Fan: Cuta Ce?

Tambaya: Malam, ina da tsiron fan, mai ganye kamar gashin tsuntsu, tukunya huɗu a ƙarƙashin mangwaro a gidanmu na Samaru. Kwanan nan na juya ganyen na ga wasu ɗige-ɗige ruwan ƙasa a jere. Mai sayar da fulawa ya ce ƙwari ne, in fesa fiya-fiya. Na fesa sau biyu, ga ganyen yana ƙonewa, ga yara suna wasa a gurin. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, don Allah ki ajiye kwalbar nan yau, ki wanke ganyen da ruwa mai yawa, ki hana yara gurin kwana biyu zuwa uku.

Abin da kika gani ba ƙwari ba ne. Fan ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Irinsa wani gari ne mai laushi kamar ƙura, kuma a waɗannan ɗige-ɗigen yake ajiye shi. Ki tsinki ganye ɗaya, ki kwantar da shi a kan farar takarda ya kwana, da safe za ki ga garin ya zubo. Tsiron da ya yi haka ya ƙoshi ne.

Wannan magana kusan kullum sai na yi ta, har ta ishe ni. Mutum ya kafa rumfa bakin titi, bai taɓa juya ganye ya duba ba, amma duk abin da aka kawo masa sai ya ce a fesa. Fiya-fiya dafi ne, yana shiga ta fata da ta numfashi. Tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana sayar da maganin ƙwarin nan Sniper da danginsa a kasuwanni barkatai, amma ana ta ɗura irinsu a kwalbar da ba ko suna. A tsakar gida, inda ake shanya da girki, inda yaro ke rarrafe ya kai hannu baki! Ganyen fan kuwa siriri ne, ba ya jure wa irin wannan magani, shi ya sa naki ya babbake.

Ƙwaron gaske a warwatse yake, har kan kara, ganyen ya yi danƙo, tururuwa na hawa. Shi ma ruwan sabulu kaɗan da tsumma ya isa.

Abokin gabar fan a Zariya hunturu ne. Ki lura da waɗanda ke fitowa a tsagin duwatsu da damina: inuwa da laima suke bi. Daga Nuwamba zuwa Maris ki matsar da tukwanen kusa da randa, inda iska ba ta bugu, ki rufe ƙasar da ruɓaɓɓen ganye, ki yayyafa ruwa safe da yamma. Ɗanyen kashin kaji kada ya je kusa. Ki yanke ƙonannun ganyen daga tushe; muddin gindin na da rai, za ki ga sabon toho ya fito a nannaɗe.