Layin Saƙonni a Sabar: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Manhajata tana kan Tomcat, sabar da ke gudanar da manhajojin Java. Saƙo na isa layin ActiveMQ, manhajar da ke riƙe saƙonni har a karɓe su, amma ɓangaren karɓa shiru kake ji.

Amsa: Malam, ka kira connection.start(), umarnin da ke kunna haɗinka da ActiveMQ, kuwa? Aikawa ba ta buƙatarsa, amma karɓa ba ta farawa sai da shi. Je ka duba, da wuya ka same shi a wurin.

Tambaya: Duk odar da ta shigo, manhajarmu na tura saƙo layin ActiveMQ. Bayan kwana biyu sai komai ya tsaya cak. Yanzu na saita sabar tana sake kunna kanta kowane dare.

Amsa: Haba Malama! Wannan ɗabi'a ta sake kunna sabar da daddare tana ci mini tuwo a ƙwarya. Rufe ciwo ne kawai da tsumma. Tun kafin in ga manhajarki na san abin da ke ciki: kowane saƙo kina buɗe masa sabon haɗi da ActiveMQ, ba kya rufewa. Kowane haɗi kuwa hanya ce ta TCP zuwa ƙofa 61616, tana cin ƙwaƙwalwa a ɓangarorin biyu. Fayil ɗin activemq.xml da ke zuwa da ActiveMQ ya ƙayyade haɗi 1000. Ranar da kika cike su, ranar ciniki ke tsayawa, masu saye suna danna maɓalli a banza.

Ki sa PooledConnectionFactory, yadda za a riƙa aron haɗi ana mayarwa. Duk Session (zaman aikawa ko karɓa a cikin haɗi) da kika buɗe ki rufe ta a cikin finally, ɓangaren da ke gudana ko da an samu kuskure, kuma kada buƙatu biyu su yi tarayya a Session ɗaya lokaci guda. Mai karɓa kuma ki tayar da shi sau ɗaya a ServletContextListener, wanda ake kira lokacin tashi da rufewar manhaja, ki kashe shi a contextDestroyed, wato lokacin rufewar. In ba haka ba, duk sabon ɗorin manhaja tsohon mai karɓa na iya zama a raye yana kwashe saƙonninki.

Ni dai ba na ɗora komai sai na buɗe shafin kulawa na ActiveMQ a ƙofa 8161 na ƙirga haɗi da masu karɓa. In adadin na hawa ba ya sauka, akwai yoyo. Ki mai da shi al'ada.

Tambaya: RabbitMQ, wata manhajar layin saƙonni, ya ƙi karɓar guest, asusun da yake zuwa da shi, daga wata kwamfuta.

Amsa: Da gangan aka yi haka, guest daga cikin na'urar kaɗai yake shiga. Ƙirƙiri sabon asusu da kalmar sirri mai ƙarfi, ka ba shi izini.