Hukuncin Zuba Manhajojin Kyauta A Kwamfutar Sayarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina sayar da kwamfutoci na hannu ga masu aiki da su a gida. Kafin kowace ta bar shago nakan zuba mata LibreOffice na ayyukan ofis da VLC na kallon bidiyo da GnuCash na lissafin kuɗi. Wanda ya nemi Microsoft Office kuma, yarona ya saka masa ya buɗe shi da ɗan makullin nan da ake saukewa a intanet. Ko kwabo ba na karɓa. Abokina mai rubuta manhajar lissafi ya ce na kashe masa kasuwa, wai Sayyidina Umar ya hana karya farashi. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ya dame ka ba laifi ba ne, laifin yana wurin da ka ambata a gurguje.

Manhajoji ukun farko masu su sun ba da izinin a kwafa, a raba, har a sayar. Saka su halal ne. Shi kuwa Office ɗin da yaronka ke fasawa haƙƙin wasu ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa irin wannan haƙƙi dukiya ce da shari'a ke karewa. Rashin karɓar kuɗi ba ya wanke ka, domin da shi kake jawo mai saye. Ka dakatar da yaron daga yau. Ballantana waɗannan makullai sau da yawa sai an kashe garkuwar kwamfuta, wato manhajar da ke kare ta daga cutarwa, suke aiki, wasunsu kuma da ɓarayin kalmar sirri a cikinsu. Ka ga ka miƙa wa mutum aibi a ɓoye, wataƙila a nan zai buɗe asusun bankinsa.

Sai hujjar abokinka. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar ya wuce Haɗib ɗan Abu Balta'a yana sayar da zabibi, ya ce masa ko ya ƙara a farashi ko ya tashi daga kasuwa. Wasu malamanmu sun ɗauki wannan a kan cewa duk wanda ya yi ƙasa da farashin jama'a a tsawata masa. Ban gamsu da wannan fahimta ba. Imam Shafi'i ya kawo ƙarshen labarin: Umar ya koma ya sami Haɗib a gida, ya shaida masa cewa maganarsa ba hukunci ba ce, alheri kawai ya nufa ga mutanen gari, ya sayar yadda ya so. Ibn Rushd kaka, wanda Bamalike ne, ya kira waccan fahimta kuskure bayyananne, ya ce mai rangwame godiya ya cancanta ba zargi ba. A wurinsa Haɗib mudu ya rage a kan kowane dirhami, wato tsadantarwa ya yi. Ko da an sallama musu ma, maganar a kan mutum ɗaya ce da ya saɓa wa 'yan kasuwarsa a haja iri ɗaya. Kai kwamfuta kake sayarwa, GnuCash kuma kowa na iya sauke ta da kansa. Raguwar riba saboda gasa ba ita ce cutar da hadisi ya hana ba, da haka ne da ba a buɗe shago kusa da shago.

Inda hukuncin ke juyawa shi ne mai ƙarfi ya yi kyauta don ya share abokan gasa. Microsoft ya haɗa manhajarsa ta shiga intanet, Internet Explorer, da Windows kyauta alhali Netscape, abokiyar gasarsa, na sayar da tata, har Netscape ta mayar da ita kyauta a 1998, shekarar da gwamnatin Amurka ta maka Microsoft a kotu. A 2004 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497, ciki har da batun haɗa manhajarsa ta bidiyo da sauti, Media Player, da Windows. Can kamfani ɗaya ne ke riƙe da ƙofar da kowa ke shiga, kuma hukuma na da damar taka masa birki. Shagonka bai kai nan ba, sai dai ka binciki zuciyarka: in don ka ƙuntata wa abokin nan ka zaɓi GnuCash, niyyar za a tambaye ka.

Ka kula da abu biyu. Ba duk abin da aka sauke ba kuɗi ne aka yarda a raba ba. WinRAR ta matse fayiloli gwajin kwana 40 ce, TeamViewer ta sarrafa kwamfuta daga nesa kyauta ce ga amfanin kai ban da kasuwanci. Garkuwar gwaji ta kwana 30 kuma, in ka ce wa mai saye "da garkuwa a ciki" ka yi shiru, algus ne. Sannan duk abin da ka lissafa lokacin ciniki ya shiga cikin abin sayarwa, in bai yi aiki ba mai saye na da bakin magana.

Abokinka kuwa ka je ka same shi. GnuCash ba ta ƙirga kayan da suka rage a shago, kuma mai saye na buƙatar wanda zai koya masa. Ka riƙa tura masa irin waɗannan, in zai ba ka la'ada ku yanke ta tun farko, mai saye ya sani.

Wallahu a'alam.