Sallar wadda aka yi wa tiyatar kwatangwalo, da hukuncin masu jinyarta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Rigasa nake. Mahaifiyarmu ta zame a banɗaki ta karye a kwatangwalo, an yi mata tiyata, yau kwana 12 da sallamo mu. Likita ya hana ta durƙuso da zaman ƙasa da harɗe ƙafa. Inna kuwa ta ce sallar kujera ba salla ba ce, sai dai mu sauko da ita kan darduma. Da muka ƙi, ta yi fushi ta ce ta ajiye sallar sai ta warke ta rama. Ni ke kula da ita, ranar da na fita aiki ƙanena ke zama, har Juma'a biyu ta wuce shi. Shin mun saɓa mata? Yaya kuma tsarkinta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ba ku saɓa mata ba. Biyayya ga iyaye a cikin abin da bai cutar ba ne, kuma da kun sauko da ita ƙasa aikin ya goce, da kun yi tarayya cikin cutar da ita. Sai dai a ƙi da tausasa harshe. Ayar Suratul Isra'i ta 23 da ta hana ce wa iyaye "tir", tsufansu ta ambata, lokacin da haƙurin ɗa ya fi saurin ƙarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiye sallar. Muddin hankalinta na nan, salla ba ta faɗuwa, siffarta ce kawai ke sauyawa. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Annabi (SAW), sai ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Buhari ne ya ruwaito. Don haka ta rama waɗanda suka wuce tun yanzu, a yadda take iyawa, kada a jira warkewa.

Na san inda Inna ta samo maganarta. Wataƙila tun tana yarinya ta ji cewa mai sallar zaune harɗe ƙafa yake yi. Haka yake a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibnu Abi Zaid, amma marubucin da kansa ya ɗaure shi da iyawa, wanda bai iya ba ya zauna gwargwadon ikonsa. Harɗewar kuma ita ce ainihin abin da likita ya hana, domin gaɓar da aka yi wa aiki na iya gocewa kafin naman da ke riƙe shi ya haɗe. Ku samar mata kujera mai tsayi mai hannuwa, wadda gwiwarta ba za ta ɗara ƙugunta ba, ku juya ta gabas. Ta yi ishara da kai da ɗan sunkuyo don ruku'u, ta ƙara ƙasa kaɗan don sujada. Ba sai an ɗago mata matashi ta ɗora goshi ba. Ranar da mai gashin ƙashi ya ce ta iya tsayuwa da ƙarfen dogarawa, sai ta yi kabbara da Fatiha a tsaye. Idan ba ta yarda da bakinku ba, ku kawo malamin da take girmamawa ya gaya mata; tsofaffinmu sun fi jin maganar rawani a kan ta 'ya'yan da suka goya.

Batun tsarki da sauƙi. Bandejin yana ƙugu, ƙugu kuwa ba ya cikin gaɓoɓin alwala. Ki kawo buta da roba, ta wanke abin da hannunta ya kai, ke ki wanke mata ƙafafu, don sunkuyawa gare su haɗari ne. Idan babu mai kawo ruwa ko yana cutar da ita, dutsen taimama a gefen gado ya isa. Najasa a jiki ko tufa ana gusar da ita da sharaɗin iko. Abin da ya gagara, ta yi salla da shi. In tsarki sau biyar ya yi nauyi, a jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta, tana idarwa La'asar ta shiga. Wanka da kama ruwa naki ne ko wata mace. Ƙanenki ba zai shiga nan ba sai in babu mace sam, shi ma da safar hannu, zane a rufe, ido a kauce.

Juma'arsa kuwa babu laifi a kansa in babu mai zama da ita. Jinya tana cikin uzurorin barin Juma'a a littafin Muhtasar na Halil, kuma Abdullahi ɗan Umar ya bar Juma'a ya tafi wurin Sa'idu ɗan Zaidu da ya ji ba shi da lafiya. Ya sallaci Azahar raka'a 4. Amma in akwai ƙanwa ko maƙwabciyar da za ta riƙe masa awa ɗaya, uzurin ya kau, ya tafi masallaci.

Wallahu a'alam.