Lardi ne ko ƙasa? Amsar tambayoyi biyu kan tsoffin yankunan mulki na Japan

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyi biyu zan ɗauka kuma duk hanya ɗaya suka biyo. Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya, ya ce yana fassara wani darasi na tarihin Japan sai ya ci karo da kalmar da Japanawa ke kiran tsoffin yankunansu da ita, wato kuni, kuma yana so ya san me zai rubuta da Hausa, lardi ko jiha ko gunduma, ko kuwa kawai ya ce yanki ya huta.

To ɗan'uwa don Allah kar ka ce yanki. Na san shi ne mafi sauƙi, amma yanki ba ya gaya wa mai karatu komai, yankin nama ma yanki ne, yankin gona yanki ne. Mu da muke da kalmomi har huɗu biyar na rabon ƙasar mulki bai kamata mu riƙa zuba komai a ƙwarya ɗaya ba, wannan abu yana damuna sosai in na gani a fassara.

Bari mu fara da namu tukuna. Lardi daga Larabci muka aro, al-ard, ma'ana ƙasa, kuma wannan l ɗin na farko ragowar al ce ta Larabci wadda ta manne, kamar yadda ta manne a littafi da labari da lahira da liman. Jiha ita ma Larabci ce, asalinta fuska ko shiyya, wajen da aka dosa. Gunduma kuwa tamu ce ta gida, ka ji ana cewa an gunduma masa nama, wato an yanko masa babban ƙaso, to haka aka gunduma wa hakimi ƙasa aka ce je ka riƙe. A amfani kuma lardi ya zauna ne a zamanin Turawa, lardin Kano, lardin Sakkwato, lardin Zazzau, lardin Barno, kowanne da razdan ɗinsa, har suka kai 13 a Arewa kafin Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967. Abin da ya sa lardi lardi shi ne daga sama ake shata shi, daga sama kuma ake turo mai riƙe shi, ba gadonsa ya yi ba.

Yanzu mu je Japan. Abin da zai ba ka sha'awa shi ne kuni ma'anarta ta zahiri ƙasa ce, sak irin tamu. Da ita suke cewa ƙasar Japan gaba ɗaya, da ita kuma suke cewa wajen da mutum ya fito, kamar yadda mu ma muke cewa ƙasar Najeriya kuma mu ce ƙasar Katsina ko ƙasar Gobir ba tare da wani ya rikice ba. Har yau dattijo a can in ya tambaye ka ina ne kuni ɗinka, garinku yake tambaya. Kai sunayen manyan tsibiransu ma shaida ne, Shikoku ma'anarsa ƙasashe huɗu domin guda huɗu ne a cikinsa, Awa da Sanuki da Iyo da Tosa, Kyushu kuma ƙasashe tara yake nufi.

Amma a matsayin ma'aikatar mulki, kuni lardi ne, kuma ga dalilina. Bayan gyare-gyaren da suka fara a 645, fadar sarkin Japan ta kwaikwayi tsarin daular Tang ta ƙasar Sin, aka rubuta kundin dokoki na Taiho a 701, aka raba ƙasar hawa uku. Kuni a sama, ƙarƙashinsa gun ko kori, ƙarƙashin wannan kuma ƙauye wanda a lissafin hukuma gida 50 ne. Ka ga ke nan Hausa ta ba ka su a jere ba wahala, lardi, gunduma, ƙauye. Adadinsu ya yi ta canzawa ana rabawa ana haɗewa, sai wajen 824 ya tsaya a lardi 66 da tsibirai biyu, Iki da Tsushima, 68 ke nan. An kuma jera su ƙungiya ƙungiya, guda biyar na kusa da fada, Yamashiro da Yamato da Kawachi da Izumi da Settsu, sauran kuma aka ɗaura su a kan manyan hanyoyi bakwai da suka fita daga babban birni, irin su Tokaido wadda ta bi gaɓar teku ta gabas. A nan ne kalmar shiyya za ta yi maka aiki, ka ce shiyyoyi bakwai.

Mai riƙe lardi daga fada ake turo shi, kami ake ce masa, da mataimaka hawa uku a ƙarƙashinsa, suke da jo da sakan, kuma wa'adi gare shi, da farko shekara 6 daga baya aka mayar 4. Aikinsa shi ne ƙidayar mutane duk shekara 6, raba gonakin shinkafa bisa wannan ƙidaya, wanda ya kai shekara 6 a yanka masa, mace ta sami kashi biyu cikin uku na abin da namiji ya samu, sannan tara haraji na shinkafa da yadi da aikin gayya na dole, shari'a, kula da hanyoyi da zangon dawaki na manzannin fada, har da sha'anin wuraren ibada. A 741 sarki Shomu ya ba da umarni a gina gidan ibadar Buda na maza da na mata a kowane lardi. Masu riƙe gunduma kuwa ba baƙi ba ne, 'ya'yan tsoffin gidajen sarauta ne na wurin, su suka san wa ke da gona wa ya gudu, kuma su ba wa'adi, har mutuwa. Saboda haka in ka ce gwamnan lardi ga na sama ka ce hakimi ga na ƙasa, ka yi daidai. Kar dai ka ce razdan, domin razdan baƙon ƙasa ne ɗan mulkin mallaka, wannan kuwa bafaden sarkinsu ne.

Akwai wani abu a sunayen da ni mai son kalmomi ba zan iya wucewa ba. A 713 fada ta ce a riƙa rubuta sunayen wurare da haruffa biyu masu kyakkyawar ma'ana, a shekarar ce kuma aka umarci kowane lardi ya rubuto bayanin ƙasarsa da albarkatunta da labaran tsofaffi. Kuma in an raba babbar ƙasa sai a sa mata gaba da tsakiya da baya gwargwadon kusancinta da fada, Echizen da Etchu da Echigo, ko Bizen da Bitchu da Bingo. Omi ma'anarsa tafkin kusa, wato Biwa, Totomi kuma tafkin nesa, wato Hamana. Kusa da wa, nesa da wa? Da sarki mana. Sunan kansa yana gaya maka daga ina ake kallon ƙasar.

Inda masu fassara ke faɗawa rami shi ne zamanin baya. Lardin ya daɗe amma ikonsa ya yi ta zubewa. Manyan fada da gidajen ibada suka mallaki gandaye waɗanda ba a karɓar haraji a kansu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mayaƙa suka shigo. A 1185 shugaban mayaƙa Minamoto no Yoritomo ya sami izinin naɗa nasa mutanen, shugo, su riƙe tsaro a larduna, sai ya zama gwamnan fada yana nan a takarda amma takobi na hannun wani. Zuwa zamanin gidan Tokugawa, 1603 zuwa 1868, ainihin mulki yana hannun sarakunan gado da ake kira daimyo, sama da 260, kowanne da ƙasarsa wadda ake kira han, kuma ba da faɗi ake auna ta ba, da yawan shinkafar da take bayarwa, sai ta kai koku 10,000, wato ma'auninsu na shinkafa, ake lissafa mai ita a cikinsu. Wannan kam ba lardi ba ne, masarauta ce, haka za ka rubuta. Wata masarautar ta haɗiye lardi kusan uku kamar ta gidan Maeda a Kaga da Noto da Etchu, wani lardin kuma an yayyanka shi tsakanin masarautu da yawa. Sunan gwamnan lardi ya koma rawanin girmamawa kawai, Ooka Tadasuke ana kiransa gwamnan Echizen alhali aikinsa alƙalanci da kula da birnin Edo ne, Tokiyon yau.

A 1871 gwamnatin sarki Meiji ta rushe masarautun ta kafa sabon tsari, da farko sama da 300, kafin shekarar ta ƙare an matse su zuwa 75, zuwa 1888 suka zama 47 da ake da su yanzu. Su waɗannan ni jiha nake ce musu domin gwamnoninsu yau zaɓensu ake yi, kodayake ikonsu bai kai na jihohin tarayya ba. Larduna kuwa ba a taɓa fitar da wata doka da ta soke su ba, aiki ne kawai ya ƙare musu. Suna nan a bakin mutane, dankalin Hausa a can dankalin Satsuma ake ce masa, taliyarsu mai kauri da ta yi suna ta Sanuki ce, akwai tashar jirgin ƙasa Echigo-Yuzawa, kamar dai yadda dattijo a wajenmu zai ce maka shi ɗan lardin Zazzau ne ko da taswirar yau ta ce wani abu daban. To ɗan'uwa ga naka, kuni lardi, gun gunduma, han masarauta, na yanzu jiha. In kuma a zance ne mutum yake kewar kuni ɗinsa, ka rubuta ƙasarsu ko garinsu.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi. Ta ce ta ji wani tsohon zancen Japanawa cewa gwamnan lardi ko faɗuwa ya yi to ya damƙo ƙasar wurin, tana tambaya ko daidai yake da namu na faɗuwa ta zo daidai da zama.

Malama sannu da ƙoƙari, kin kusa amma ba shi ba ne, kalmar faɗuwa ce ta ja ki. Faɗuwa ta zo daidai da zama ana yin ta ne in abu ya auku ba da shirinka ba kuma ya dace da abin da dama kake so, dace ne zalla, ba laifin kowa a ciki. Na Japanawan kuwa zancen haɗama ne. Labarin da ke bayansa na wani gwamnan lardin Shinano ne, Fujiwara no Nobutada, ya gama wa'adinsa yana komawa fada sai dokinsa ya zame ya faɗa kwazazzabo da shi, yaransa suka zura kwando da igiya don su ciro shi, da suka ja sai ga kwando cike da naman kaza, wato laimar kwaɗi, da ya tsinka a jikin bishiyar da ta tare shi, sai a ja na biyu ya fito, hannu ɗaya riƙe da igiya ɗaya riƙe da wani naman kazan, yana ta takaicin wanda ya bari. Da aka yi mamaki shi ne ya faɗi wannan magana.

Dalilin da ya sa aka yi wa gwamnoni wannan shaida yana cikin tsarin kansa. A zamanin da fada take Kiyoto, tun daga 794, sannu a hankali aka daina damuwa da ƙidaya da rabon gona, abin da fada ke so kawai shi ne a kawo mata adadin da ta yanka, abin da ya yi saura na gwamna ne. Mutum ya yi shekaru yana jiran a ba shi lardi, ga shekara 4 kacal, to ki yi tunanin yadda zai tatsi manoma. Wasu manyan ma ba sa zuwa sam, suna zaune a birni su tura wakili, daga 826 har larduna uku aka keɓe wa 'ya'yan sarki, Kazusa da Hitachi da Kozuke, ba sa taka ƙafa can, mataimaki ke riƙewa. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, kafin Turawa su tilasta musu fita gundumominsu hakimai da yawa a birni suke zaune, jakada ke zuwa ƙauye karɓo haraji, kuma talaka da jakadan ya sani.

Don haka in kina son karin maganar da ta fi kusa da halin wannan gwamna, ki ɗauki ungulu ba ta jewar banza, wato duk inda kika gan shi akwai abin da zai samu. In naɗa shi ɗin ake kuka da shi, an ba kura ajiyar nama. In kuma halin manomi da hakimin ƙauye kike son nunawa, su da wahala wani yana birni yana ƙirga riba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ta fi kowacce zama. A aji kuwa shawarata ki fara ba yara maganar Japanawan yadda take, da labarin kwandon, sannan ki kawo tamu a gefenta, kar ki musanya ɗaya da ɗaya, domin wancan hoton na mutum a ƙasa yana damƙar ƙasa ba mu da shi kuma asara ce a jefar.

Tunda malama ce ke bari in ƙara miki ɗaya da yara za su so. Akwai wani jarumi Taira no Tadanori wanda ya mutu a yaƙi a 1184, muƙaminsa gwamnan Satsuma. Sunansa Tadanori ya yi daidai da furucin hawa kyauta a harshensu, shi ya sa wanda ya hau jirgi ko mota bai biya ba ake ce masa gwamnan Satsuma. Irin wannan ba ya fassaruwa, sai dai ki rubuta shi yadda yake ki yi bayani a ƙasa.